Motona da man zafin Inna

Moton da na gada wurin kawuna ɗan Japan ne, ƙirar shekarun 1980, kuma duk unguwar Zango ta Damagaram an san kukansa. A bazarar bara ya tsiro da sabon hali. In na tsaya, maimakon injin ya kwantar da murya sai ya ƙara ɗaga ta, in kuma na rage wuta sai bututun hayaƙi ya riƙa tas-tas. Ƴan kabu-kabu na bakin Kasuwar Dole har suka fara ce mini mai bindiga.

Makanike ya kwance buji, ya ga bakinsa fari fat. Ya tada injin, ya ɗiga isansi kaɗan a kan robar da ta haɗa karbirato, mai cuɗa iska da isansi, da kan injin, nan take murya ta canza. Ya ce, "Alhaji, iskar sata motonka yake sha." Ban taɓa zuwa Makka ba, amma na lura duk ranar da kuɗin aiki za su yi nauyi Alhaji nake komawa.

Bayaninsa dai ya shiga kunne. Robar nan tun daga masana'anta akwai wani mai da ake cuɗa ta da shi don ta yi laushi. Zafin inji, da wankin isansi, da ranar Damagaram da ke wuce digiri 40 a watan Afrilu, su ne ke tsotse man nan a hankali. Sai ta ƙanƙance, ta bushe, ta tsattsage, iska ta riƙa shiga ta bayan fage. Iska ta yi yawa, mai ya yi kaɗan, inji ya ɗau zafi. Tawa da ya ciro ta ya ƙwanƙwasa a kan benci, sai ka rantse ƙahon ragon layya ne. Ya ce irinta babu a gari, sai an aika Kano.

Na ce Kano kuma, a kan roba? Ruwan zafi me aka yi shi?

Uwargida ta tafi suna Birni, na ɗauko tukunyar miya na ɗora. Gaskiya robar ta yi laushi, na maida ta da zafinta ta shige sumul. Kafin la'asar ta huce ta koma gidan jiya. Tukunyar kuwa na wanke ta da toka da sabulu, wanki na tsakani da Allah. Da dare aka zubo tuwo da miyar kuka, Inna ta kai loma ɗaya, ta tsaya, ta dubi surukarta ta ce, "Ƴar nan, kukar taku daga matatar mai ta SORAZ aka sayo ta?" Uwargida ba ta ce uffan ba, ni kawai ta kalla. Ni kuma na dage da cin tuwo har da neman ƙari, don a san miya lafiyarta lau.

Wani maƙwabcinmu, tsohon ma'aikacin asibiti, shi ya kawo dabara ta biyu. Ya ce masu tsofaffin motoci a Turai da Amurka suna jiƙa irin robar nan cikin man wani tsiro wai shi wintagirin, kashi 1 a cikin kashi 3 na alkol, kuma sinadarin da ke cikinsa shi ne ke ba man zafi ƙamshin nan nasa. Wintagirin dai ban san inda zan nemo shi a Damagaram ba. Man zafi kuwa ga shi nan a tagar Inna, wanda take shafa wa gwiwa. Na kwashe shi tas, na dama da alkol na farmasi cikin kwalba, na jefa robar na rufe.

To, a nan ba wanda zai ce dabara ba ta ci ba. Ta ci har ta zarce. Robar ta yi laushi, ta kuma kumbura, bakin karbirato na iyo a cikinta. Na ɗaure koliye, ƙarfen da ke matse bakin robar, na ƙara ɗaurewa, sai tsagar da a da sai ka kanne ido kake ganinta ta wangame baki. Na naɗe ta da tsohon shambur na hau abina.

Sai ƙamshi. Da injin ya ɗau zafi, duk layin da na bi sai ya game da man zafi. Ranar Juma'a ina ajiye moto a bakin masallaci wani dattijo ya riƙo hannuna, "Sannu ɗana, ƙugu ne ko baya?" Kafin in buɗe baki wani ya rubuta mini sunan sassaƙe, wani ya ce in rage zama kan moto. Inna kuma tana gida tana cigiyar man zafinta, ta ɗora laifin a kan jikokinta, ni ma na taya ta yi musu faɗa.

Ba a jima ba alkol ya gama fita, robar ta sake ƙanƙancewa, tas-tas ya dawo da ƙarfinsa. Na ba wani direban da ke bin hanyar Matamai zuwa Kano tsohuwar don a gwada faɗin baki. Ya dawo da sabuwa da saƙon mai shago: wai yana gaida mara lafiya.

Makanike ya matsa sabuwar da yatsa biyu ta lotsa. Ya ce a ɗan ɗumama ta a ruwa don ta shiga ba gardama, ya juyo gaban yaransa duka ya ce, "Alhaji, mu ɗora a gwangwaninmu, ko Hajiya za ta sake ara mana tukunya?"