Hunturu ba ya shiri da cefanen kullum-kullum

Jiya da asuba na tsoma hannu a randa zan ɗebi ruwan alwala, sai da na fizge shi kamar na taɓa garwashi. Mu nan Gombe da aka san mu da zafi, in Disamba ta raba har Janairu ya fita, sai mutum ya rantse an ɗauke garin cikin dare an ajiye shi a Jos. Ga hazo, ga ƙura. An ce yawancin ƙurar nan daga wani kwari take tasowa a arewacin Chadi, Bodele, gindin tsohon tafki ne da ya ƙafe. Wato duk safiya ƙasar Chadi nake gogewa daga kan talabijin ɗina.

Ba kukan sanyi ya sa na ɗauki waya ba. Magana ce da iyayen gida maza, kuma na san wasu ba za ta yi musu daɗi ba. Al'adar nan ta miƙa kuɗin cefane kowace safiya a bakin ƙofa, ana sa takalmi ana cewa "ga shi, a yi maneji", ita ce ke hana gida tsari, kuma a hunturu asararta ta fi fitowa fili.

Ku duba lokacin. An gama kaka, hatsi ya shigo kasuwa. Kayan lambu na Kwadon da Dadin Kowa sun fara zuba, tumatir da tattasai da albasa suna neman mai saye. Iska a bushe take, abin da ka shanya ba ya ruɓewa. Duk shekara babu lokacin da ya kai wannan sauƙin yi wa gida tanadi. Amma matar da kullum sai ta jira a ba ta na yau, tumatirin kashi za ta aika a sayo a bakin layi, gobe ma haka, jibi ma haka. Kuɗin da ya tafi a kashi-kashi cikin mako biyu da ya sayi kwando. Sai bazara ta yi, tumatir ya zama zinariya, maigida ya dawo yana tambaya me ya sa miya ta yi fari.

Ni sai da muka yi shekaru da Abbansu kafin ya yarda ya riƙa ba ni na mako ranar Juma'a da daddare. Ban ci shi da baki ba, da littafi na ci shi. Wata guda ina rubuta duk abin da aka sayo, har gishiri, na ajiye masa kusa da farantin tuwo.

Makon gidan Bahaushe hutu biyu ne da shi, kuma wanda bai lura da wannan ba tsarinsa zai rushe. Islamiyya tana hutu Alhamis da Juma'a, boko yana hutu Asabar da Lahadi. A nan kaɗai nake samun hannun yara, don haka a nan nake zuba manyan ayyuka. Litinin zuwa Laraba girki ne da shara, ba na ƙara komai.

Asabar wanki. Amma ba da sassafe ba, na daina wannan azabar. Ana cika baho a ajiye a rana, sai hantsi ya ɗaga ruwan ya saki a fara. Kaya a juya bayansu kafin a shanya, kuma a kwashe da zarar sun bushe, don a iskar nan ba sa daɗewa. Wadda ta bar farin yunifom a igiya har magariba ta yi wa ƙura wanki.

Lahadi ta tumatir ce, kuma ita ce ranar da na fi ji da ita. Rabin kwando a markaɗa da tattasai da attarugu da albasa, a ɗora a wuta har ruwan ya tsotse ƙaf, a soya da mai. Wannan shi ne miyar mako, kullum ɗiba kawai ake yi a ɗumama sauran. Ba na dogara da firji, kowa ya san halin wutarmu. Ɗaya rabin kuma kauɗa. A yanka shi faɗi-faɗi, a baza a kan buhu mai tsabta a wuri mai tudu inda kaji da awaki ba sa kaiwa, a lulluɓe da tsohon gidan sauro. Wannan lulluɓin shi ne bambancin kauɗar gida da wadda ake shanyawa a gefen kwalta, wadda in ka ci miyarta haƙori ke gamuwa da tsakuwa. Haka kuɓewa, haka tattasai. Na san matan da ke ganin kauɗa abin kunya ne, wai abincin talaka. A 2016, shekarar da tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna, masu yatsina fuskar nan su ne suka riƙa aiko yara gidajen da ke da ita.

Wake da masara ba na mako ba ne, na shekara ne, kuma wannan aikin maigida ne ya shiga Tudun Hatsi tun kafin 'yan ajiya su kwashe. Roƙona ɗaya: a daina barbaɗa wa wake maganin ƙwari. Akwai buhun nan mai leda biyu a ciki, PICS, in an ɗaure shi tam ƙwarin da kansu suke mutuwa don rashin iska. Jarka mai murfi mai kyau ma tana yi, in an cika ta har wuya.

Alhamis da yamma ta ƙura ce. A kakkaɓe labule da darduma a waje, a goge ɗakuna da jiƙaƙƙen tsumma. Tsakar gida kuwa sai an yayyafa ruwa kafin tsintsiya ta taɓa shi, in ba haka ba tayar da ƙurar kawai aka yi ta koma ƙirjin yara. Mai ɗa mai asma ko sikila ta fi ni sanin abin da wannan watannin ke nufi. Wankan yara ma na mai da shi bayan sun dawo makaranta, a shafe su da man kaɗanya tun jikin da laima, har diddige saboda faso. Da safe wanke fuska da hannu da ƙafa, kunun gyaɗa mai zafi, sai hanya. Hajiya surukata ta ce, "'Yar nan, a zamaninmu yaro ba ya fita bai yi wanka ba." Na ce, "Hajiya, a gafarce ni, a zamaninku ba a kulle ƙofar makaranta da bakwai da rabi." Ta yi dariya ta kira ni 'yar boko, amma ba ta hana ba.

Akwai aiki ɗaya da ba na mako ba ne, na kowane dare ne, kuma da wuya na koye shi. Wata shekara na sa hita a bokiti aka ɗauke wuta, na manta ban zare ba na kwanta. Tsakar dare aka dawo da ita. Ƙaurin roba ne ya tashe mu, bokitin ya narke ya kama leda. Allah ne ya kiyaye. Tun daga ranar Abbansu ba ya kwanciya sai ya zagaya: hita, dutsen guga, kan gas, murhu. Kaskon gawayi kuwa ba ya kwana a ɗaki. A ji ɗumi a waje ko a buɗe taga, in za a kwanta a fitar da shi. Gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, mutum yana barci take ɗauke shi. Kuma ko babu gawayi, a bar wa iska kafa. Daga hunturu har damina ta faɗi lokacin sanƙarau ne, cunkushe yara a ɗaki a toshe ko'ina da tsumma ba gata ba ne.

Na san abin da za a ce. Mai tuƙa Keke Napep da lebura da mai tura ruwa, hannu baka hannu ƙwarya suke, ina za su samo na mako? Gaskiya ne, ba da su nake ba, kodayake na ga matansu da ke haɗa adashi su huɗu su sayi kwando ɗaya su raba, sun fi mu dabara. Da mai albashi nake, da mai shago, wanda kuɗin na aljihunsa amma yana jin in ya saki na kwana bakwai girmansa ya zube. Wasu kuma su ce mace in ta ga kuɗi a dunƙule anko za ta yi, tunda hunturun shi ne lokacin bukukuwa. Akwai masu yi, ba zan rufe mana asiri a nan ba. To a gwada ta mako biyu a gani mana, ba a yanke wa duk mata hukunci da laifin wata.

Wannan Asabar ɗin bayan wanki akwai akwatin kayan sanyi da zan zazzage. Autana ya fi ƙarfin rigunansa biyu, kuma almajirin da ke yi mana shara na ga da 'yar singileti yake zuwa. Kwandon tumatir kuwa Abbansu ya ce shi zai biya ta Kwadon da kansa, wai ni ban iya ciniki ba.