Saba biyu a ɗaki ɗaya ba tanadi ba ne

An taɓa shigar da ni ɗakin kwamfutocin wani ofishi a nan Gombe, jami'in na nuna mini cikin alfahari: ga saba ta ɗaya, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da bayanan ofishin, ga ta biyu a ƙarƙashinta, in waccan ta mutu wannan ta ɗauka. Na ce, "Injiniya, kwafin bayanan fa?" Ya nuna mini wani faifai a kan teburi, taku biyu daga inda muke tsaye. Janareta ɗaya, wayar intanet ɗaya, rufi ɗaya.

Ban raina abin da suka saya ba. Haɗa kwamfutoci su yi aiki kamar guda, abin da ake kira kulasta, kusan irin zaman liman da na'ibinsa ne. Kowace tana aika wa 'yar'uwarta ɗan saƙo a kai a kai cewa tana nan da rai, masu sana'ar suna ce masa bugun zuciya. Da saƙon ya ɗauke, ta baya za ta matso gaba, ta karɓi adireshin da ma'ajin bayanan, ta ɗora daga inda aka tsaya. Mai cire kuɗi a POS ba lalle ya san an yi canji ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne, shiru ba mutuwa ba ne. Wayar da ke tsakaninsu tana iya tsinkewa alhali dukansu lafiya lau, kowace ta ɗauka ɗayar ta tafi, a wayi gari da sarki biyu a gari ɗaya, kowa na rubuta nasa lissafin. Shi ya sa ake son su kai uku ko biyar, ɓangaren da ba shi da rinjaye ya janye, wadda ake shakkarta kuma a yanke mata wuta kafin a naɗa wata.

To amma duk wannan maganin mutuwar na'ura ɗaya ne. Gobara ba ta zaɓe. Ranar 10 ga Maris 2021 wuta ta cinye gini guda na OVHcloud, kamfanin da ke ajiye wa mutane shafukan intanet da bayanai, a birnin Strasbourg na Faransa, miliyoyin shafukan intanet suka ɗauke. Waɗanda kwafinsu ke wani gari sun dawo. Wasu kuwa nasu kwafin yana harabar da ta ƙone, sai haƙuri.

Akwai abin da ya fi wannan ban tsoro. A watan Yunin 2017 ƙwayar cutar kwamfuta mai suna NotPetya ta afka wa Maersk, katafaren kamfanin jiragen ruwa na Denmark. Kwamfutocin da ke riƙe da rajistar shiga tsarin kamfanin, kusan 150, suna kwafar juna a ko'ina a duniya, kuma cutar ta shafe su kusan gaba ɗaya. Guda ɗaya ta tsira a ofishinsu na Ghana, don an ɗauke wuta kafin harin, ta fita daga layi. Faifan nata aka ɗauko, aka biyo da shi ta Najeriya zuwa Ingila, da shi aka fara tada kamfanin. Wato rashin wutar da muke tsine wa kullum ne ya cece su. Na'urorin da ke kwafar juna nan take suna kwafar alheri, suna kwafar sharri: ma'aikaci ya goge fayil bisa kuskure, ya gogu a ko'ina. Tsohon kwafi da aka cire daga layi aka kulle a wani wuri ne kaɗai ke jin kira a irin wannan rana.

Wani wurin kuma ina? Nan ne nake saɓa wa masu cewa in an kai saba ta biyu Bauchi an gama. Game da gobara ko ambaliya, tazarar kilomita kusan 150 ta isa. Game da wuta kuwa, Bauchi da Gombe kamfanin rarraba lantarki na Jos ne ke ba su duka, kuma a watan Oktoban 2024 tare muka kwana fiye da mako cikin duhu da galibin Arewa. A watan Maris na shekarar, wayoyin intanet na ƙarƙashin teku huɗu sun lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, har harkar banki ta yi tsaiko a Najeriya. Don haka mai cewa ya tura komai can waje ya huta, shi ma da sauransa.

Na san amsar da za a ba ni: babu kuɗi. Gaskiya ne, wuri na biyu da dizal ɗinsa da ma'aikatansa ba abin wasa ba ne, kuma ba kowane aiki ne ya cancanci haka ba. Shi ya sa shawarar ba ta injiniya ba ce, ta shugaban ma'aikata ce. Ya zauna ya faɗi lambobi biyu: awa nawa za mu iya jurewa tsarin na kwance, kuma aikin awa nawa za mu iya asara? Shafin sanarwa zai iya kwana uku a rufe, ba wanda zai rasa barci. Bayanan marasa lafiya da rajistar filaye da takardar albashi ba haka suke ba. Daga waɗannan lambobin ake gane abin da za a saya, ba daga bakin ɗan kwangila ba.

Sai gwaji, wanda ba ya cin komai sai ƙarfin hali. Ba a fafe gora ranar tafiya. A zaɓi wata Asabar, a sanar da kowa, a zare wayar saba ta ɗaya da gangan, a duba agogo. A ɗauko kwafin jiya a dawo da shi kan wata na'ura, a buɗe a ga ko ya buɗu. Na tambayi injiniyan nan yaushe rabon da su yi haka. Ya yi murmushi ya ce, "Ranka ya daɗe, in na zare ta ƙi tashi, wa zai tsaya mini?"