Ais: ƙwayar da ba ta sa mai shanta layi

A Kano mun saba gane ɗan ƙwaya ta hanyar layi da lumshe ido da jan magana, domin alamomin da kodin ya koya mana ke nan kafin gwamnatin tarayya ta hana shigo da maganin tari mai ɗauke da shi a 2018. Wannan sabo, a ganina, shi ne zai makantar da iyaye game da metamfetamin, wadda matasa ke kira ais saboda kamarta da ɓarɓashin ƙanƙara.

Ita wannan ƙwaya zaburarwa take yi. Tana sa ƙwaƙwalwa ta kwararo da sinadarin dofamin, mai jawo jin daɗi, fiye da kima, sai bugun zuciya ya ƙaru, barci ya ƙaura, sha'awar abinci ta ɗauke, kuma tasirin yakan kai awa goma sha biyu. Saurayin da ya kwana biyu a kan keken ɗinki ko a cikin Adaidaita Sahu ba tare da ya runtsa ba, a gida yabonsa za a yi, a ce yaro ya kama neman na kansa.

Ba sabuwa ba ce. Wani masani ɗan Jafan, Nagai Nagayoshi, ya fara haɗa ta a 1893, sannan a Yaƙin Duniya na Biyu Jamus ta riƙa raba wa sojojinta ita da sunan Pervitin don kada su yi barci. Abin da ya fi damuna shi ne ba sai an tsallako da ita daga waje ba: hukumar NDLEA ta gano wurin dafa ta na farko a Legas a 2011, kuma a 2016 ta kama 'yan Meziko huɗu a wani babban wurin a Asaba.

Ramar jiki da ruɓewar haƙora suna zuwa daga baya, tare da zargin kowa da jin muryoyin da babu su, kuma a nan ne wasu iyalai kan ce aljanu ne, su ɓata watanni kafin su nufi asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau. Har yau babu wani magani da aka amince yana yanke jarabarta, sai dai doguwar jinya ta shawarwari da sa ido, wadda ta fi sauƙi idan an gane matsalar tun yaron yana cikin kwanakin rashin barcin nan.