Ratchet: a gareji ya kamata mu koyi wannan kalma

Jama'a, akwai wata kalmar Turanci da na fara gani a rubutun wasu matasanmu masu bin bidiyon Amurkawa a TikTok da Instagram, wato ratchet. Yarinya ta sa hotonta ko ta ɗaga murya a bidiyo, sai wani ya rubuta mata ita a ƙasa, yana nufin ballagaza ce marar kamun kai. Abin yana ɓata mini rai ƙwarai.

Wannan ma'ana ta zagi a kudancin Amurka ta fito, a garin Shreveport na jihar Louisiana, a bakin mawaƙan rap na ƙarshen shekarun 1990. Mutane da yawa suna ganin lafazin yankin ne ya lanƙwasa kalmar wretched, wadda ke nufin wulaƙantacce. Da farko ana faɗinta ne a kan rawa da holewa. Da ta bazu a intanet wajen 2012 sai ta koma abin jifan mata baƙar fata 'yan unguwannin talakawa, ana yi wa shigarsu da gashinsu da maganarsu dariya. Wasu matan can sun karɓe ta suna kiran kansu da ita don su kashe mata dafi, to wannan tsakaninsu ne, su suka san zafinta. Kai da kake Kano ko Maraɗi, ka ɗauko zagin da aka ƙera don talauci da launin fata ka jefi 'yar uwarka da shi, me ka ƙaru da shi? Kayan aro ba ya rufe katara.

Alhali kalmar tana da ma'anarta ta asali, kuma kullum muna wuce ta a bakin titi. Daga Faransanci ta shigo Turanci, sunan wata dabara ce ta ƙarfe. Ka tsaya kan bakanike yana kwance filogi ka gani. Sifanar da ke hannunsa tana da ɗan ƙarfe zagayayye mai haƙora a kanta, da wani ɗan harshe da sifirin ke dannawa tsakanin haƙoran. In ya ja, harshen ya cije, noti ya juya. In ya mai da hannu baya, harshen ya riƙa tsallake haƙoran, ka ji ƙas-ƙas-ƙas, noti kuwa yana nan inda aka bar shi. Mai haƙora 72 motsin digiri 5 kawai take buƙata, shi ya sa take aiki a lungun inji inda hannu ba ya sakewa. Dabarar nan ce a tayar bayan keke, shi ya sa in ka daina taka feda kake jin ƙarar nan. Ita ce a ankwar 'yan sanda, ita ce a bel ɗin da direbobin manyan motoci ke ɗaure kaya da shi. Gaba take yi, ba ta komawa.

Daga nan masana tattalin arziki suka ɗauke ta. A 1949 James Duesenberry na jami'ar Harvard ya yi bayanin cewa iyali in suka saba da wani matakin kashe kuɗi, ko samu ya ragu da ƙyar suke sauka. Yarjejeniyar yanayi ta Paris ta 2015 ma da wannan suna ake kiran tsarinta, domin duk shekara biyar ana son kowace ƙasa ta ƙara a kan alƙawarinta, kada ta rage.

Wannan ita ce ma'anar da ta shafe mu. Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. Lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 a wurare da dama cikin 'yan kwanaki, daga baya ta wuce 1,000. Kuɗin mota ya bi ta, mudun shinkafa ya bi, haya ta bi. Da mai ya ɗan sauko a 2025, wa ya rage muku kuɗin adaidaita sahu? Ban ce direba ba shi da uzuri ba, taya da baƙin mai da balas ɗin mai mota duk suna kansa. Amma ƙungiyoyin direbobi da na 'yan kasuwa da ke zama su sanar da ƙari ranar da mai ya hau, hakkinmu ne a kansu su sake zama su yi mana lissafi a fili ranar da ya sauka.