Baƙonku ya bugu a kai da wuya? Kada ku kwantar da shi wata guda

Trotro, wato ƙaramar bas ɗin haya, ta ci birki a hanyar Aboabo a Kumasi, motar baya ta dake ta. Baƙon da ya zo wajen danginsa daga Kano, ko Yamai, ko Jamus, ya fito da ƙafafunsa, ba jini ba karaya, kowa na cewa Allah ya tsare. Washegari wuya ya sage, kai na sarawa, hasken taga ya dame shi, ana yi masa magana yana neman a maimaita. Nan take gida ya ɗauki haramar jinya: a shimfiɗa masa katifa a ɗaki mai duhu, a sayo abin tallafe wuya a kemis, a hana shi ko ɗaukar buta. "Yaya, kwanta abinka, mu za mu yi komai."

Wannan gatan na cikin abubuwan da suka fi jawo wa irin wannan ciwo tsawon kwana. Mu mutanen zango mun iya karɓar baƙo, ba wanda zai ƙwace mana wannan, amma jinyar buguwar kai da fizgar wuya tana son motsi da wuri, a kan ma'auni.

Kan babban mutum ya kai kilo 5, yana zaune a kan ƙananan ƙasusuwa 7 na wuya. Idan aka daki mota ta baya, kujera ta tura gangar jiki gaba, kai ya yi baya sannan ya dawo gaba cikin ƙiftawar ido. Tsokoki da jijiyoyi da ƙananan gaɓoɓin wuya su miƙe fiye da kima, kumburi ya taru a hankali, shi ya sa ciwon ya fi tsanani a kwana na biyu ko na uku. Wannan fizgar kaɗai tana iya girgiza ƙwaƙwalwa a cikin ƙoƙon kai ko da kan bai taɓa komai ba, kuma mafi yawan waɗanda abin ya samu ba su suma ba. Saboda haka maganar "ai bai suma ba" ba hujja ba ce.

Kafin a yi zancen gashi, likita ya fara ganinsa a ranar. Akwai alamun da ba a jira gari ya waye da su: ciwon kai mai ƙaruwa, amai fiye da sau ɗaya, jijjiga, barcin da ake tashinsa da ƙyar, ruɗewa, gani biyu-biyu, ruwa ko jini daga hanci ko kunne, mutuwar hannu ko ƙafa, zafi a tsakiyar ƙashin wuya idan an taɓa. Ko ɗaya aka gani, sai sashen gaggawa na asibitin Komfo Anokye, wanda 'yan Kumasi ke kira Gee, ko a kira 112. Idan ana zargin ƙashin wuya, kada a naɗe mutum a cusa shi cikin pragya, keken hayan nan mai ƙafa uku. Wanda ya kai shekara 65, ko mai shan maganin tsinka jini irin su warfarin, a kai shi ko da ya ce garau yake.

Sau da yawa hoton kai yakan fito lafiya ƙalau. Hoton yana neman zubar jini ne da karaya, ita kuwa girgizar ƙwaƙwalwa ba ta fitowa a ciki. Daga nan ne wasu gidajen ke juyawa gefe na biyu, a fara cewa raki ne irin na 'yan Turai, ko a koma zancen iska. Ciwon gaskiya ne, kuma yawancin manya sukan warware cikin mako 2 zuwa 4 idan an bi shi yadda ya kamata.

Hutun da masana suka amince da shi, har a babban taronsu na Amstadam a 2022, awa 24 zuwa 48 ne. Ko a cikinsa ma ba kwanciya ake yi kamar gawa ba: ya yi wanka, ya zaga tsakar gida, ya ci abinci tare da mutane biyu ko uku. Waya da talabijin ne za a rage sosai a kwana biyun nan. Masu dubiya kuma a yi musu tsari. Mutum goma sha a ɗaki ɗaya, kowa na "ya jiki, ya jiki", yara na guje-guje, ga amsa-kuwwar gidan suna a maƙwabta, wannan aiki ne ja ga ƙwaƙwalwar da ta bugu. A samu babba guda, Inna ko Kawu, wanda ba a iya musa masa, ya riƙa karɓar gaisuwa a zaure.

Magani: farasitamol giram 1, tazarar aƙalla awa 4 zuwa 6, kada ya wuce giram 4 a yini da dare. Asfirin da ibuprofen da diclofenac a bar su a kwana biyun farko sai likita ya yarda, don suna iya ƙara zubar jini. Tramadol kuwa a nisance shi, yana kawo jiri da barci, har jijjiga, sai a kasa gane ko maganin ne ko kan. Wanda ya mai da maganin ciwon kai abin sha kullum, kwana 15 ko fiye a wata, maganin da kansa zai koma haifar masa da ciwon kai.

Sai ma'auni, wanda shi ne ƙashin bayan jinyar. Bahaushe ko yana mutuwa ka tambaye shi zai ce "da sauƙi", balle baƙo mai jin nauyin masu gida. Da sauƙi ba ta auna komai. A koya masa ƙidaya daga 0 zuwa 10. Kafin ya fara wani aiki, ciwon na kan nawa? Idan ya fara a 3 ya hau zuwa 4 ko 5, kuma ya sauka kafin awa guda, aikin ya yi daidai, gobe a maimaita. Idan ya haura fiye da maki 2, ko ya kwana da shi, an zarce, gobe a rage rabi. Ba a daina gaba ɗaya. A rubuta a ɗan littafi kullum, don likitan gashi ya fi amfana da wannan littafin a kan dogon bayani.

Daga kwana na uku a fara tafiya, minti 10 zuwa 15, bayan asuba ko gab da magariba lokacin da rana ta yi sanyi, a layin da ba cunkoso, wani na rakiya. Duk bayan kwana biyu a ƙara minti 5 har a kai minti 20 zuwa 30 da ɗan sauri, wanda zai iya hira amma numfashi ya ɗan hau. Kasuwar Kejetia ba wurin gwaji ba ce a makon farko. Hayaniyarta da gilmawar jama'a sukan tayar da jiri ko ga wanda ya fara jin daɗi, a ajiye ta sai can gaba, a fara da minti goma.

Abin tallafe wuyan nan na soso, in ba likita ya sa shi saboda karaya ba, a cire. Wuyan da aka ɗaure mako biyu tsokarsa na raguwa, gaɓoɓi su ƙara sagewa, tsoron motsi ya shiga. Motsin farko mai sauƙi ne. Ya zauna a kujera mai jingina, ya juya kai dama a hankali har inda ya fara jin ja, ya dawo tsakiya, ya juya hagu, sau 10 kowane gefe. Ya karkata kunne wajen kafaɗa ba tare da ɗaga kafaɗar ba. Ya ja haɓa baya kamar mai ƙyamar wari, ido na kallon gaba, ya riƙe daƙiƙa 5. Ya matse allunan kafaɗa baya da ƙasa. Sau uku ko huɗu a yini, kaɗan-kaɗan ya fi a tara a yi da yawa lokaci guda. Wanda ya fi wuyar koyo shi ne na ƙananan tsokokin gaban wuya: a kwance rigingine, tawul a naɗe ƙarƙashin ƙeya, ya gyaɗa kai kaɗan kamar mai cewa "to", ya riƙe daƙiƙa 10. Kuskuren da kowa ke yi shi ne ɗaga kan daga shimfiɗa. Idan ka ga manyan jijiyoyin gefen wuya sun tashi, ba a yi daidai ba. Tawul mai ɗumi minti 15 kafin a fara yana taimakawa. Kuma ga ma'aunin da ke zuwa sau biyar a yini kyauta: sallamar salla. Duba ko kai kaɗai yake juyawa, ko sai ya haɗa da kafaɗu.

Masu ɗori suna da matsayinsu a zango, ban zo rage musu daraja ba. Amma wuyan da mota ta fizga ba a ja shi, ba a murɗa shi don ya yi ƙara. Laka na cikin ƙasusuwan nan, ga jijiyoyin jini biyu da ke ratsa su zuwa ƙwaƙwalwa. Ƙaramar tsaga da ba a gani ba, murɗa ɗaya ta isa ta shanye mutum.

Jiri iri-iri ne, kuma a nan gwanin likitan gashi ke nuna kansa. Idan ɗaki na juyawa da shi ƙasa da minti ɗaya duk lokacin da ya juya a gado, ko ya yi ruku'u da sujada, galibi 'yan ƙananan duwatsu ne na cikin kunne suka goce suka faɗa inda ba wurinsu ba. Ana gwadawa a kan gado, a mai da su da wani juyin kai da ake kira Epley, sau ɗaya ko biyu yakan wadatar. Kada a kwaikwaya daga bidiyo da wuya mai ciwo. Kafin a gyara, ya yi sallarsa a zaune, hadisin Imrana ɗan Husaini ya ba da wannan sauƙin. Idan kuwa gani ne ke rawa yayin da kai ke motsi, atisayen shi ne a rubuta harafi ɗaya a kati, a riƙe shi tsawon hannu, ido a kafe a kansa, ana girgiza kai kaɗan dama da hagu daƙiƙa 30, sau uku a yini, ana ƙarawa har minti ɗaya.

Wajen zaɓen likitan gashi, a tambayi rajistarsa da hukumar Allied Health Professions Council. A kuma lura da zaman farko. Na ƙwarai zai auna juyin wuya, ƙarfin hannu, motsin ido da tsayuwa a ƙafa ɗaya, ya ba da aikin gida. Wanda kullum sai dai ya manna na'urar lantarki, ya kunna jar fitila, ya shafa man zafi ya sallame ku, ana jin daɗinsa na awa biyu ne kawai. Zuwa sau ɗaya ko biyu a mako ya isa idan ana aikin gida, wanda ya fi dacewa da aljihun baƙon da ba shi da katin inshorar lafiya. Bincike ya nuna kusan rabin masu fizgar wuya suna jin saura bayan shekara, don haka wanda ciwonsa ya fara da tsanani, ko yake mafarkin hatsarin yana tsoron shiga mota, a faɗa wa likita da wuri. Haka idan an kai mako 4 kai bai washe ba.

Ba ɗaukar kaya a ka, ba hawa babur, ba ƙwallo, ba tuƙi sai likita ya sallama, domin bugu na biyu kafin na farko ya warke ya fi haɗari. Matashin kai ɗaya matsakaici, ba kwanciya rubda ciki. Ruwa ya wadata. Zazzaɓi in ya zo a yi gwajin maleriya, kada a ɗora komai a kan hatsarin, musamman ga wanda ya daɗe a Turai.

Kafin ya koma, a haɗa masa takardunsa: rahoton 'yan sanda, rahoton likita mai ɗauke da ranar hatsarin, faifan hoto, rasiɗai, da wasiƙar likitan gashi mai nuna inda aka tsaya, don na can ya ɗora daga nan. Idan jirginsa daga Accra zai tashi, tafiyar ta kai kilomita 250 a mota. Ya nemi kujerar da ke da majinginar kai, kusa da gaba, ya sauka ya taka duk inda aka tsaya, kuma wani ya ɗaukar masa akwati har wurin awo.