Hasken da kake alfahari da shi, shi ne ciwon

Ban saba magana a kan aikin wani ba, amma tunda an ɗauki bidiyon gyaran wani teburin wasan finbol an yaɗa, an kuma bi mutane ana cewa wani tsoho a layinmu, wato ni, ya cika nawa da tsada, to bari in faɗi abin da na tarar. Ba zan kira suna ba. Mai kaza a aljihu dai ba ya jimirin as.

Wani bawan Allah ya shigo da teburin finbol daga Amurka, irin wasan nan da ake harba ƙwallon ƙarfe tana bugun ƙararrawa tana tara maki. Ƙirar Bally ce ta Shikago, Paragon, ta 1979. Gilasan makinta guda 5 ne: huɗu na 'yan wasa, ɗaya mai nuna yawan wasan da ya rage da ƙwallon da ake kai. Duk sun ɗauke. Ya fara kawo mini, na ce ya ba ni mako biyu in nemo kaya. Sai aka ce masa akwai mai yi a yini ɗaya.

An kuwa yi a yini ɗaya. Gilasai suka kama, jawur, har suna kashe ido. Aka yi ta tafi.

Malam mai gyaran yini ɗaya, waɗannan gilasan ba irin fitilun zamani ba ne. Iskar niyon ce a rufe a ciki, kuma ba ta kamawa sai da wuta mai ƙarfi. Wutar tana isowa fanel ɗin da ke tuƙa kwayiloli, wato naɗaɗɗun wayoyin da ke motsa sassan teburin, a kan bolt 230, sai wani ɗan sashe mai taransista 3 ya sauke ta zuwa 190 kafin ta wuce gilasai. Idan taransistocin nan suka ƙone suka haɗe, ba sa yanke wuta, sakinta suke yi gaba ɗaya. Bolt 230 ke nan kai tsaye a kan gilashi. Shi ya sa hasken ya fi na da. Abin da ka nuna wa duniya a matsayin nasara, da ka ɗora mita a wuraren gwaji biyu da kamfani ya tanada a jikin fanel ɗin, TP4 da TP2, da ka ga lamba ɗaya a dukansu, ka san akwai matsala. Aikin minti biyu ne.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne fis. Akwai ɗan ƙaramin fis a wurin, 3/16 na amfiya, wanda aka sa don ya mutu a madadin sauran kaya. Ya mutu, ya yi aikinsa, yana gaya maka akwai abin da ke jan wuta fiye da kima. Kai kuma ka zare silin wayar tagulla ka ɗaure bakinsa. Wannan dabarar soket ɗin gida ce, ko a can ma haɗari ce.

Bayan 'yan makonni teburin ya dawo shagona a bayan a-kori-kura. Gilasai biyu sun tafi, kusurwoyin lambobinsu sun yi baƙi, kuma gilashin da ya ƙone ba shi da magani. Samun wani sai an yi oda daga waje, sai an dace. Akwai na LED da ake yi yanzu masu aiki da bolt 5 kawai, suna da kyau, amma duk wanda ya san hasken niyon na asali, mai ruwan lemo da laushi, ya san ba ɗaya ba ne. Kayan da ya shekara sama da 40 yana aiki, a hannunka ya ƙare.

Sauran ukun na ceto su. Na canja taransistocin duka uku a lokaci guda, domin in ka bar ɗaya mai rauni zai ja sababbin su bi shi. A kowane gilashi akwai razista 6 masu 100K, 'yan ƙananan kayan da ke rage kwararar wuta, ɗaya ga kowace lamba. Na kamfani ƙanana ne, zafi na cinye su, na sa masu rabin wat. Na sake dalmar ƙafafun haɗi da suka tsattsage. Sannan na murɗa wutar ƙasa zuwa wajen 170, gilashi ya kama lafiya, zai kuma fi daɗewa. Nawar da kake faɗa ke nan.

Kuɗin mai teburi, wannan tsakaninka da shi ne da Allah. Damuwata yaron nan ne da na gani a bidiyonka, hannu tsirara a cikin akwatin, yana riƙe maka fanel. Babbar kwandansar da ke wurin tana iya riƙe wuta bayan an zare filogi, kuma wutar ta isa ta yi wa mutum illa. Iyayensa amana suka ba ka. In koya masa sauke wutar kwandansa da auna ta kafin a taɓa ya yi maka nauyi, turo shi wurina ranar Asabar da safe, ba zan karɓi ko sisi ba, ba kuma zan tambaye shi daga inda ya fito ba.