Wa ya kai Sarauniya Amina Kano?

A Saskatoon, garin da nake zaune a ƙasar Kanada, idan sanyi ya kama babu inda mutum zai zauna a waje. Ma'aunin zafi yakan sauka ƙasa da sifili da maki 30, har motoci sai an jona su da wuta a inda aka ajiye su don kada inji ya daskare. Shi ya sa mutane ke neman abin yi a cikin gini. Akwai wani zauren unguwa mai ɗakin ƙasa inda masu sha'awar wasannin yaƙi na kwamfuta ke haɗuwa daren Juma'a. Kowa ya zo da kwamfutarsa a jaka, ya tuɓe takalman ƙanƙara a bakin matakala, ya rataye jibgegiyar rigarsa, sannan a jera tebura, wayoyi sun sarƙe a ƙasa kamar saƙar gizo. Akwai ɗalibai, akwai direban bas, akwai dattijon da ya yi ritaya daga koyarwa. Wasan da ake yi shi ne irin wanda za a ba ka wata al'umma ta tarihi, ka tara itace da zinariya, ka gina gari, ka haɗa runduna, ka far wa maƙwabci.

Ranar da abin ya faru, wani mutum da kakanninsa suka fito daga Poland ya zo da littafi mai kauri, ya liƙa ƙananan takardu a shafukansa. Ƙorafinsa a kan Age of Empires II ne. Wasan ya ba 'yan Poland mahayan nan masu fukafukai a baya, alhali labarin da ya gina musu na zamanin Sarauniya Jadwiga ne, wadda ta rasu a 1399, su kuwa mahayan sai a ƙarni na 16 da na 17 suka yi tashe, su ne suka yi suna a yaƙin Biyana na 1683. Ya buɗe hotuna, ya nuna siffar sulke, aka yi ta muhawara har wasa ya tsaya. Babu wanda ya ce masa ai wasa ne kawai. Da aka koma kan Age of Empires III na ɗauki Hausawa, sai na ce ni ma ina da nawa ƙorafin: shugabar Hausawa a wasan Amina ce, amma babban birnin da aka ba ta Kano ne, ita kuwa ta Zazzau ce. Mutumin ya yi murmushi, babu mugunta a fuskarsa ko kaɗan, ya ce ai namu da sauƙi, tunda ba a rubuta tarihin wannan yankin ba, dole masu wasan su cike gurbi da abin da suka samu.

Maganar ta soke ni, kuma har yau ba ta sake ni ba, domin ba gaskiya ba ce. An rubuta. Littafin Tarihin Kano ya jero sarakuna tun daga Bagauda, da Larabci, kuma tun 1908 Bature Palmer ya fitar da fassararsa da Turanci. A cikinsa aka ambaci Amina a zamanin Sarkin Kano Dauda, wajen 1421 zuwa 1438, ko da yake wasu masana sun fi karkata ga cewa a ƙarni na 16 ta rayu, 'yar Bakwa Turunku. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kawo labarinta a Infaƙul Maisuri, inda ya ce ta yi yaƙi har Katsina da Kano suka riƙa kai mata haraji. To ka ga matar da aka ce ta sa Kano biyan haraji, ita aka ɗauko aka zaunar a Kano a matsayin mai gida. Da a ce an ɗauki sarkin Faransa an ce Landan ce fadarsa, da kamfanin bai kwana ba sai ya ba da haƙuri.

Ba ina cewa masu wasan ba su yi ƙoƙari ba. A 2021 suka ƙara Hausawa da Habashawa, kuma an ga alamar sun yi bincike. Mahayan lifidi da suka sa na gaske ne, Tarihin Kano ma ya ce Sarki Kanajeji ne ya shigo da lifidi da sulke da kwalkwali. Sojojin kuma da Hausa suke amsa umarni. Ranar da na fara jin haka a cikin wancan ɗakin ƙasa, tsakanin mutanen da babu mai jin ko kalma ɗaya, sai da na cire abin sauraro daga kunne na ɗan zauna shiru. Na kuma san cewa wasa ba aji ba ne. Dole a daidaita ƙarfin kowace al'umma don kada wata ta fi ƙarfin sauran, dole a taƙaita ƙarnuka huɗu cikin minti arba'in. Wanda ya ga Gandi na Indiya yana harba makamin nukiliya a wasan Civilization ya san ba a yi masa alkawarin gaskiya tsantsa ba.

Amma duba yadda taƙaitawar take faɗawa a kanmu. Kano da Katsina sun shafe shekaru aru-aru suna gwabzawa a kan hanyoyin fatauci. Gobir daban, Kebbi ta Kanta daban, Zazzau tana fuskantar kudu. Jihadin 1804 ya sauya komai. Duk wannan an dama shi wuri guda an sa masa suna ɗaya, maharban Fulani suna bin umarnin Amina, sannan a ƙarshen wasa kana iya ƙulla ƙawance da Ingila, wadda dakarunta suka fasa ganuwar Kano a 1903. A Age of Empires II ma haka aka yi wa Mali a 2015: mayaƙan da aka keɓe mata mata ne da ake kira Gbeto, waɗanda asalinsu na Dahomey ne, ƙasar da take can bakin teku, kuma ta tashi bayan Mali ta daɗe da wuce ganiyarta. A Civilization VII da ya fito a 2025 an sa Amina cikin shugabanni, amma babu Hausawa cikin al'ummun da ake zaɓa, sai dai ta jagoranci Aksum ko Songhai ko wata ƙasar da ba ta taɓa ji ba. Wasan Victoria 2 kuwa bai ɓoye ba, ya sa Daular Sakkwato cikin jerin ƙasashen da ya kira marasa wayewa, daular da Nana Asma'u ke rubuta waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa a cikinta.

Abin da zama a nan ya nuna mini shi ne ana gyara irin wannan, amma ga wanda ya buɗe baki. A wannan lardin na Saskatchewan al'ummar Cree ta Poundmaker take, ɗaya daga cikin 'yan asalin ƙasar Kanada. Da aka sa kakansu Poundmaker a Civilization VI a 2018, ɗaya daga cikin shugabanninsu, Milton Tootoosis, ya fito a kafofin labarai ya ce ba a tuntuɓe su ba, kuma wasan da ya ginu a kan mamaye ƙasa bai dace da tarbiyyarsu ba. Kafin nan, mutanen Pueblo na Amurka sun ƙi yarda a sa jagoransu Popé a Civilization V, kamfanin ya janye shi. Da aka sake fitar da Age of Empires III a 2020, an gyara al'ummun 'yan asalin Amurka, an canza sunan Iroquois zuwa Haudenosaunee, Sioux zuwa Lakota, an cire rawar kewaye wuta da ake sa su yi, bayan an zauna da mutanensu. Mutanen ƙasar Indiya sun yi ta ƙorafi cewa an tattara ƙasarsu duka a al'umma ɗaya a Age of Empires II, a 2022 aka raba ta huɗu. Da za a sa Shawnee ta Amurka a Civilization VII, sai da aka nemi ƙabilar aka yi aikin tare da ita. Wasu daga cikin waɗannan al'ummu ba su kai yawan mutanen unguwa ɗaya ta birnin Kano ba.

Mu kuwa me muka yi? Da na tura hoton mahayin lifidi a zauren WhatsApp na abokan makaranta, murna aka yi, ana cewa duniya ta san da mu. Da na kawo maganar Zazzau, wani ya ce in gode wa Allah da aka tuna da mu ma, wani ya ce babban mutum da iyali ina shi ina wasan yara. Na fahimce su. Wanda ke fama da wutar lantarki da kuɗin data ba zai zauna yana rubuta wa kamfanin Amurka wasiƙa a kan sarauniyar da ta rasu shekaru ɗaruruwa ba. Amma wannan godiyar ce take ci mini rai. Mutumin Poland bai fi mu son kakanninsa ba. Abin da ya fi mu da shi, littafin yana hannunsa, da harshensa, da hotuna, tun yana yaro. Namu suna Gidan Arewa a Kaduna da ɗakin tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato da akwatunan gidajen malamai, da Larabci da ajami, yawancinsu babu wanda ya buga su yadda ɗan sakandare zai karanta. Shekaru aka yi ma an cire darasin tarihi daga manhajar ƙananan makarantun Nijeriya.

'Yata a nan aka haife ta. A makaranta an koya mata yarjejeniyoyin da aka ƙulla da Cree, ta san lambar wadda ta shafi ƙasar da muke zaune a kai, ta 6 ce, domin ana faɗa a farkon kowane taro. Amina kuwa a allon kwamfutata ta fara ganinta. Da ta tambaye ni ko ita ce sarauniyar Kano, na ba ta amsa, na ba ta labarin ganuwar Amina, na gaya mata Rumfa ne ya gina gidan sarki da kasuwar Kurmi tsakanin 1463 da 1499. Ta ce in nuna mata a littafi. Na duba ɗakin karatu na gari, na duba shagunan intanet, abin da na samu mai hoto na yara duk da Turanci ne, kuma kusan duk labarin Amina kaɗai suke maimaitawa, babu Rumfa, babu Kanta, babu Korau na Katsina. Yanzu ni nake rubuta mata da hannu a littafin makaranta, sarki ɗaya kowane mako, ita kuma tana zana dawakan.